Gwangwanin Madara Ɗaya, Kofi Ɗari da Hamsin

Duk wanda ya saba shiga Honda ko Toyota 'yan Kwatano, irin waɗanda aka fara hawa a Amurka, ya san wani maɓalli a jikin rediyon da aka rubuta wa XM ko SAT. Ka danna shi a Kano ko a Maraɗi, ko tari ba zai yi ba. Wani mai rewaya ya taɓa rantse mini cewa na ƙararrawar ɓarayi ne. Na rediyon tauraron ɗan'adam ne, kuma taurarin da ke ciyar da shi Amurka da Kanada kaɗai suke kallo, shi ya sa yake mutuwa da zarar motar ta hau jirgin ruwa. Mu ma Afirka mun taɓa ɗanɗana irinsa: Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa WorldSpace, aka harba masa tauraron AfriStar a 1998, kamfanin ya karye a 2008. Nasa na ɗaki ne, a kafa 'yar eriya a taga tana kallon sama.

Inda maɓallin nan yake da rai na je, wajen taubashina da ke zaune a Bronx ta birnin New York. Aikinsa kai ƙananan kaya daga jiha zuwa jiha a wata tsohuwar Sienna, rabin rayuwarsa a kan titi take. Na raka shi wata tafiya zuwa Ohayo ta babbar hanyar I-80, wadda ke ratsa jihar Fensilbeniya tsawon kilomita 500, yawanci daji da tsaunuka. Tun kafin mu bar gari ya fara yi mini kuri da kayan sautin da ya zuba wa motar. Ya ƙure murya, ƙofofi suka ɗauki rawa, ya dube ni yana jiran yabo. Na ce masa ganga dai ta fito, amma mawaƙiyar kamar an cusa ta a kwalba an toshe. Ya ce ai kunnen bawa bai san daɗi ba. Bayan kamar awa guda, ba tare da na sake tayar da maganar ba, ya rage murya ya ce, "To kai ma ka ji abin nan ko? Ni na zaci kunnena ne."

Da muka tsaya shan mai na buɗe aljihun mota neman tishu, sai ga damin rasit an ɗaure da kyauro. Duk na shagon masu haɗa sauti ne da saye-sayen intanet, na shekara uku. Ya shiga sayo mana kofi, ni kuwa na baje su a cinya na fara lissafi a bayan ambulan.

Kafin rasitan su yi ma'ana sai an san abin da ke saukowa daga sama. A 1997 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yi gwanjon wani yanki na zangon iska, daga megahaz 2,320 zuwa 2,345. Kamfani biyu suka saya, kowanne ya biya sama da dala miliyan 80 ya ɗauki rabi, wato megahaz 12.5. XM ya fara watsa shiri a Satumbar 2001, Sirius ya biyo baya a 2002, suka yi ta gasa da asara har suka haɗe a Yulin 2008 suka zama SiriusXM. Mutum zai ɗauka haɗewar ta ninka faɗin hanyar. Ina! Rediyoyin da ke cikin miliyoyin motoci ba sa jin yaren juna, na Ford da Chrysler yaren Sirius suke ji, na General Motors da Honda yaren XM, don haka aka ci gaba da ciyar da kowane ɓangare a cikin rabinsa. Rabin ma ba duka yake tafiya ga sabon abu ba. Don kada sauti ya yanke idan mota ta bi ta gindin dutse ko ƙarƙashin gada, shiri ɗaya ake aikowa ta tauraro biyu, a kuma maimaita shi ta turakun ƙasa a cikin birane, da 'yar tazarar daƙiƙoƙi a tsakani, rediyon ya riƙa cike giɓin wannan da wancan. Abin da ya rage bayan wannan maimaici shi ake yanka wa tashoshi sama da 150.

Mai shayi ne da gwangwanin madara ɗaya, ga mutum ɗari da hamsin a kan benci. Kowa zai sha, kuma kowa zai ga fari-fari a kofinsa.

A lissafin injiniyoyi, faifan CD yana zubo kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Waƙar MP3 mai kyau takan kai 320, ta gama-gari 128. Tashar kiɗa ta tauraro, a ƙiyasin masu auna sauti, ba ta cika wuce 64 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka, tashoshin surutu kuma sun fi shan matsa. Ko an ɗauki 64 ɗin, kashi ɗaya ne cikin 22 na abin da ke kan faifai. Gaskiya dabarar matsewar abin a sara mata ce. Na'ura tana zubar da abin da aka san kunnen ɗan'adam bai cika lura da shi ba, irin ƙaramin sautin da babba ya danne. Tsarin da XM ya ɗauka, aacPlus, ya ƙara wani wayo: sautukan sama, masu siriri, ba ya aiko su yadda suke, sai dai ya aiko 'yar manuniya, rediyon motar ya kwaikwayo su daga na ƙasa. Kamar tela ne aka nuna masa aikin wuyan riga daga nesa aka ce ya ɗinka irinsa. Zai yi kama. Amma a nan ne ake samun wannan shuuu mai kama da ruwa a cikin kuge da kacau-kacau, da harafin "s" na mai magana yana fita kamar iskar taya, da tafin jama'a ya koma kamar ana suya. Duk wannan an gama shi tun a ɗakin watsa shiri, kafin sautin ya yi tafiyar kusan kilomita 36,000 zuwa sama ya sake yin irinta ya dawo. Babu wani abu da ake sayarwa a shago da zai je can ya tsinto abin da aka zubar.

Kuma zaɓi ne aka yi ido buɗe. Da an so, da an yi tasha arba'in masu kauri. Sai dai yawan tashoshi da manyan sunaye su ke kawo masu biya. Kwantiragin da Sirius ya ba Howard Stern, wanda ya fara aiki a 2006, dala miliyan 500 ne na shekara biyar, kuma mutumin surutu yake yi. Wanda ya zuba wannan kuɗi a kan baki ya gaya maka abin da yake ganin ana saye.

To, rasitai. Na farko dala 60, ɗan akwatin rediyon da ake maƙalawa a dashbod, tunda motar ba ta zo da na'urar kama tauraro ba. Wata takwas taubashina yana jin sa ta hanyar da ta fi kowace lalacewa, wato akwatin ya watsa sautin a kan wata mitar FM da babu kowa, rediyon mota ya kama. A takarda abin gwanin sha'awa, babu waya babu rewaya. A New York kuwa ina mitar da babu kowa? Daga 88 zuwa 108 maƙil take, har da masu watsawa ba lasisi. Ga shi kuma tun 2006, da FCC ta gano wasu akwatunan suna watsawa fiye da ƙa'ida har suna kutsawa cikin rediyon motocin da ke gefe, aka rage musu ƙarfi. Saboda haka yana tafe yana sauya mita, kowane gari da tasa, wa'azin wani coci na shigowa tsakiyar wasan ƙwallo. FM ɗin ma da kanta tana datse duk abin da ya haura kilohaz 15, ta ɗora shuu nata a kai. An matse sautin a sama, an sake tauye shi a ƙasa.

Rasit na biyu, sabuwar eriya, dala 25, wannan kuɗi sadaka ya yi da su. Sautin yana ɗaukewa, wani ya ce masa eriya ce. Eriyar lafiyarta ƙalau, shi ne ya ajiye ta a kan dashbod don ƙyuyar jan waya, alhali siginar megahaz 2,300 ba ta ratsa ƙarfe, rufin motar ya tare mata rabin sama. Maganaɗisu ne a gindinta, wurinta saman rufi, inda babu abin da ya yi mata inuwa. Da ya ɗora sabuwar a can yankewa ta ragu, da tsohuwar ya ɗora ma haka za a yi. Abin da masu talla ba sa son faɗa shi ne siginar dijital babu tsaka-tsaki gare ta, ko ta iso cikakkiya ko ta ɗauke ɗif. Eriyar zinariya ba za ta ƙara wa murya zaƙi ko na ƙwayar zarra ba.

Sai rasitai biyu ƙanana da suka fi duk sauran albarka. 'Yarsa ce, mai shekara tara, ta gano ramin AUX a wani lungu na gaban motar tana neman inda za ta soka wayarta. Igiyar dala 8 ta raba shi da FM har abada, ya ce ranar kamar an cire masa auduga daga kunne. Amma sai wani kuka ya ɓullo, siriri, wiii, yana hawa idan an taka totur yana sauka idan an ɗaga ƙafa. Kukan altaneta ne, yana biyo waya saboda akwatin yana shan wuta ta ramin kunna sigari, rediyon mota kuma ta wata hanyar, ƙasansu, wato inda wutar kowanne ke komawa jikin mota, bai zo ɗaya ba. Wata 'yar na'ura mai girman kwalin ashana, da ake sakawa a tsakiyar igiyar ta raba su, ita ta kashe kukan a kan dala 12. Sauran gyaran kyauta ne: a shiga saitin akwatin a daidaita ƙarfin fitar sautinsa, kada ya yi ƙasa har sai an ƙure rediyo shuu ya taso, kada ya yi sama har ya riƙa fashewa; a ɗan rage tirebul; a kashe duk wani saitin da ke cewa zai mayar da mota zauren kiɗa. Wanda motarsa ba ta da AUX akwai adaftar da ake sakawa tsakanin eriyar mota da bayan rediyo, tana toshe tashoshin waje, ba ta kai igiya ba amma ta fi watsawa a iska nesa ba kusa ba.

Da a ce a nan ya tsaya, da ba ni da abin rubutawa. Ya kashe dala 105, ya samu kusan duk abin da ake iya samu. Sai daɗin da ya ji ranar igiya ya zame masa jaraba, ya ɗauka kowane rasit zai sake cire wata audugar.

Ya tafi shago. Ban ga laifin mai shago sosai ba, wanda ya zo da kuɗi yana cewa sauti bai yi masa ba, lasifika za a nuna masa. Kuma a shagon da faifai ko waƙar waya mai nauyi ake gwada kaya, ba wanda ke gwada maka da tashar tauraro. Lasifikoki huɗu da ƙananan nan na sautin sama da ake kafawa kusa da gilashi, dala 260, kuɗin aiki 120. Ya fito ya kunna tasharsa, sai ya ji abin da bai taɓa ji ba: wannan shuuu na kuge ya fito fili, ya dawo daidai kunnensa. Tsofaffin lasifikokin kamfani, na takarda, da dusashewarsu suke rufa wa sautin asiri. Duk wanda ya taɓa buɗe hoton da ya sha yawo a WhatsApp a kan babbar talabijin ya san abin da nake nufi, a 'yar waya fuska sumul, a babban allo sai murabba'ai. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kuma da kuɗinsa.

Da ya koma ya yi ƙorafi sai aka ce ai lasifikokin yunwa suke ji, rediyon mota ba ya ba su isasshiyar wuta. Wannan ma ba ƙarya ba ce, rediyon kamfani ƙarfinsa na gaske bai cika wuce wat ashirin a kowace lasifika ba. Amfilifaya da wayoyinta da aikin ja daga batir zuwa ƙarƙashin kujera, dala 520. Ganga ta yi nauyi, na yarda, don sautin ƙasa shi ne wanda matsewa ta fi ragawa. Sauran kuma sai aka ƙara wa aibin murya.

Rasit ɗin da ya fi ba ni dariya shi ne na dala 450, na'urar sarrafa sauti da kuɗin saita ta da kwamfuta. Irin wannan na'ura tana da aikin gaske. Direba ba a tsakiya yake zaune ba, lasifikar hagu tana gwiwarsa ta dama tana can nesa, to tana iya jinkirta na kusa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba don su iso kunne tare, ta kuma danne inda gilashi da roba ke sa sauti ya yi kaifi. Amma abin da ya ja shi ya saya alkawarin "dawo da abin da matsewa ta cinye" ne. Kusan kowane kamfani yana da sunan da ya raɗa wa wannan: Pioneer na da Sound Retriever, Sony na da DSEE, Harman na da Clari-Fi. Dukansu canke suke yi. Suna duban abin da ya iso su ƙirƙiri abin da suke zaton ya ɓata. A kan MP3 mai 128 wani lokaci canken yakan yi daɗi. A kan sautin da samansa dama kwaikwayo ne, an ɗora canke a kan canke. Ya ce mako biyu ya yi yana kunnawa yana kashewa don ya ji bambanci, daga baya ya bar shi a kashe.

Na ƙarshe dala 300, tabarmar roba mai nauyi da ake liƙawa a cikin ƙofofi da ƙasan mota. Wannan ban ce komai a kansa ba, don shi kaɗai ne cikin manyan da ya taɓa abokin gaba na gaskiya. Mota a kan babbar hanya, da kukan taya da iska da inji, cikinta yakan kai wajen desibel 70, kuma duk wani laushi na kiɗa a ƙarƙashin wannan yake nutsewa. Rage hayaniyar yana amfanar komai, har hirar da muke yi. Abin dariyar dai shi ne hayaniyar nan ita ce babbar mai rufa wa rediyon tauraro asiri, waɗanda suka tsara shi sun san a mota za a ji shi. Ka yi shiru da motar, ka ƙara jin ɗinkin.

Na haɗa duka: dala 1,755. Ban sa kuɗin wata da yake biyan SiriusXM ba, wanda cikakken farashinsa na tsarin da ya haɗa kiɗa da wasanni ya haura dala 20, kuma tun 2009 aka ɗora wani ƙarin na haƙƙin mawaƙa da ya yi ta hawa har ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin. A shekara uku wannan kaɗai ya wuce 700 ga wanda bai iya ciniki ba. Ban sa ranakun da motar ta kwana a shago ba ta nemo ko sisi ba. Ban kuma sa ranar sayar da ita ba, don mai sayen tsohuwar Sienna ba zai ƙara maka ko dala ɗari saboda abin da ke ɓoye a ƙarƙashin kujera ba. A ƙasan damin akwai wata takarda da ba rasit ba, ƙiyasin sabon kan rediyo mai allo, da 'yar na'urar kama tauraro da ake soka masa kai tsaye, da wata ta daban don maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki, dala 600. An zagaye adadin da biro. Wannan zai raba shi da igiyoyi a dashbod, ya tsabtace hanyar sautin kaɗan, madarar dai ita ce ta jiya.

Ya dawo da kofi biyu ya tarar da ni da ambulan. Na nuna masa jimillar, ya ce, "Kai bawan nan, wa ya aike ka?" Na ce ya ba ni wayarsa. SiriusXM yana da manhaja, kuma kuɗin watan da yake biya ya haɗa da ita. Tashoshin nan dai su ne a ciki, amma ta intanet suke zuwa, inda babu gwangwani ɗaya da ake rabawa, don haka sautin ya fi kauri, musamman idan an shiga saiti an zaɓi mafi inganci. Na cire igiyar daga akwatin na soka a wayar, na nemo tashar da muke ji. Waƙar ba ta zo daidai ba, ta wayar tana ɗan baya, sai muka ji baiti ɗaya sau biyu. Mawaƙiyar ta fito daga kwalba. Kuge ya koma ƙarfe. Kayan dala dubu da ɗari bakwai suka samu abin da za su tauna, karon farko a kan wannan tasha. Kamfanin da kansa ya san haka, tun 2018 ya fara sa wa sababbin motoci tsarin 360L, wanda ke haɗa tauraro da intanet a rediyo ɗaya, farawa da Ram 1500.

Taubashina ya daɗe bai ce uffan ba. Sai ya tayar da mota muka hau hanya.

Adalci dai a faɗe shi. Ba mu yi minti arba'in ba muka shiga wani kwari tsakanin tsaunuka, sandunan sabis na wayar suka zube ɗaya bayan ɗaya, waƙar ta tsaya tana juya ɗan da'ira. Ya miƙa hannu, ko kallona bai yi ba, ya mayar da igiyar jikin akwatinsa. Sauti ya dawo nan take, siriri, da shuuu ɗinsa, kuma bai sake yankewa ba har muka fita daga dajin. Abin da yake biya wa ke nan tun farko: tasha ɗaya daga Bronx har Ohayo, har Kalifoniya in ya so, labaran BBC da tsakar dare a inda FM sai ƙara, wasan ƙwallon da ba ya ɓacewa ana dab da tashi, da tashar direbobin manyan motoci da ke ba shi labarin ƙanƙara a gaba. Yawancin abin da yake saurare ma, da na lura a kwana biyun nan, surutu ne, wanda lasifikar takarda ta ishe shi.

Da muka kusa Yangstawun ya ce in ciro masa takardar nan mai zagayen biro. Na ba shi, ya duba ta a fitilar dashbod, ya ninke ta huɗu. Na zaci taga zai buɗe. Sai ya cusa ta a aljihun gaban riga, ya ce wai an ce masa wufa ɗaya a but za ta gyara komai, kuma akwai ragi a ƙarshen wata.